Hular Yaya Salisu a Kan Kibod

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagon Yaya Salisu a bayan tashar Jabi ya san maganar hular nan. Yana cikin buga maka takarda da Turanci, a zo wurin sa aya ko addu'a, sai ka ga ya tuɓe hula ya kifa ta a kan hannunsa na hagu. Ya dube ka, ya dubi ƙofa, sannan ka ji ƙas, kwamfuta ta koma Larabci. In za a shiga Hausa, a sake tuɓewa. Kafin a gama kati ɗaya sanƙonsa ya sha iska har ya gode Allah.

Ni ƙanwarsa ce, ni ke ɗan taya shi hoton takardu a shagon, amma ko ni ban san abin da yake dannawa a ƙarƙashin hular ba. Kowace kwamfuta tana zuwa da madannai biyu da ake haɗawa ta sauya harshe, kowa ya san su. Yaya ya shiga cikinta ya canza su da nasa, ya kuma ɓoye 'yar alamar harshe da ke ƙasan allo. Cewa yake wannan ne jarinsa. A layinmu kowa na buga Turanci, amma shi kaɗai ke haɗa Turanci da Larabci da Hausa mai ƙugiya a shafi guda. Katin ɗaurin aure, sanarwar rasuwa, takardun Islamiyya, da su yake ciyar da matarsa Rabi da yaransu a Mpape.

Babban abokin gabarsa shi ne Oga Sunday, mai shagon da ke kallon namu. Bawan Allah bai taɓa yi masa komai ba, amma Yaya ya rantse sirrin nan yake fako. Wata rana Sunday ya shigo aron almakashi, ya tsaya hira. Wani Alhaji na zaune yana jiran katin auren ɗansa, motar Zariya da zai hau na cika. Yaya ya naɗe hannu ya ƙi taɓa komai sai da Sunday ya fita. Alhaji ya leƙa ya ga mota ta tashi, ya hau faɗa.

"Alhaji, mota in ta tafi wata na zuwa," in ji Yaya. "Sirri in ya tafi, ina tasharsa?"

Kibod ɗin kuwa, wayyo! Haruffan duk sun goge, baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Rabi ta yi ta tara kuɗi ta sayo masa sabo da Sallah. Ya juya shi, ya yaba, ya sa mata albarka, ya mayar da shi kwali ya tura ƙarƙashin tebur. Da ta tambaye shi dalili ya ce wannan sabon bakinsa bai da sakata, kowane madanni ya rubuta sunansa a goshi, ko makaho ya leƙo zai karance shi.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, na je na same shi shi kaɗai, na lallaɓa na ce ya faɗa mini madannan, ko aiki ya riƙa shigowa kafin ya warke. Ya buɗe ido ɗaya.

"Binta, gadona kike so ki ci ina numfashi?"

Na ce ba haka ba ne, yara ne ke bukatar abinci. Ya ce to, ranar da aka sallame shi zai nuna mini, amma sai na zo da gyale mai kauri. Ba a sallame shi ba.

Aikinsa na ƙarshe addu'a ce, saboda haka a Larabci ya bar kwamfutar. Bayan an share makoki na buɗe shago. Mai neman takardar neman aiki ya zo, na danna, rubutu ya taso daga dama. Na gwada biyu-biyu, na gwada uku-uku, har da gwiwar hannu na sa don haushi. Mutane suka riƙa tsallakawa wurin Sunday ina kallo. Rabi ta ce in shagon bai motsa ba, ita da yara sai komawa gida Zariya. Kuka na yi sosai a ranar, ina jin haushin mamaci ina kuma kewarsa.

Da na rasa yadda zan yi, na tsallaka na kira Sunday. Ya zauna a kujerar Yaya, ko lalube bai yi ba, ya ɗora yatsu uku, ƙas, Turanci ya dawo. Na ce a ina ya sani?

"Madam, na san shi tun tuni. Lokacin da kwamfuta ya lalace, Oga Salisu yana masallaci, ni na gyara. Yana rubuce a ciki, kowa zai iya gani."

Na ce amma bai taɓa faɗa ba.

"Oga yana jin daɗin hulansa. Me zan samu in na ɓata masa?"

Ya tambaye ni ko ya mayar da su irin na kowa. Na ce ya bar su yadda mai su ya bar su. Kafin ya fita ya ƙara da cewa shi ma kasuwar ta mutu masa, yanzu kowa a waya yake haɗa katinsa, da Larabcin da ƙugiyar duka.

Gaskiya ya faɗa. Sirri ya zo hannuna, masu bukatarsa sun ƙare. Rabi ta riga ta ɗaure kaya, ni kuma ina zuwa in buɗe shago ne kawai don ban san inda zan je ba. Jiya wata tsohuwa ta kawo sanarwar rasuwar mijinta. Da muka zo kan Inna lillahi, sai na tsinci kaina na ja gyale na rufe hannuna, na dubi ƙofa. Babu kowa a ƙofar.

Allah Ya jiƙan Yaya Salisu. Yadda ya yi ta rufa wa madannai uku asiri don yaransa su ci, ya Allah Ka rufa masa nasa, Ka rufa wa yaran da ya bari.