Ranar da Baba Ya Miƙar da Haruffana

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na buɗe shagon turaren wuta a Jiddari Polo. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariyata ta ishe ni.

Shekara huɗu ina haɗa turare da humra a tsakar gida kafin Allah ya hore mini shago. Ni kuwa da rawar kai, na ce sai na yi allon da za a hango tun daga bakin titi. Na tari keke zuwa Mafoni, wajen wani dattijo mai buga katin biki, mutumin kudancin Borno da ya daɗe yana yi wa cocinsu takardu. Ya yi ta nuna mini haruffa a kwamfuta ina yatsina fuska, har ya zo kan wasu da suka sa na miƙe tsaye. Ƙosassu ne, kowane da 'yan ƙafafu a ƙasa da 'yar hula a sama, duk sun karkata dama kamar matan da suka makara zuwa gidan biki. Ya ce an yi musu kauri ne don ido ya kama su daga nesa, karkatar kuma ita ke sa su zama da rai, amma na allo ne da takardar jikin kwalba, in aka yi dogon rubutu da su ido zai gaji. Ni ina na tsaya saurare? Na ce a buga kawai.

Saura kafawa. Mahaifina tsohon kafinta ne, kuma abin alfaharinsa ɗaya: bai taɓa kafa ƙofa a karkace ba. Tun da idonsa ya yi rauni yayyena suka ɓoye masa guduma, ya koma zaman tabarma, ko hira ya daina. Da ya ji zancen allo sai ya ce shi zai kafa, babu wanda ya isa. Na amince, na tafi gida soya cincin ɗin baƙi. Abin da na manta shi ne Baba da ajami ya saba, bai taɓa damuwa da yadda haruffan boko ke tsayuwa ba.

Bayan la'asar na iso da ƙawayena, mun sha lafaya, muna ta ƙamshi. Tun daga nesa na hangi mutane sun yi cincirindo, na ce ai kuwa allona ya yi aiki. Da na matso sai na ga abin da suke kallo. Gefen dama ya ɗaga sama, na hagu ya sunkuyo har yana neman taɓa ƙofa. Haruffan kuwa ga su nan a tsaye ƙyam! Masu keke na rage gudu suna leƙe, ƙawayena sun cusa lafaya a baki, ni kuma ban san lokacin da na zauna a kan buhun gawayi ba.

Sai ga Baba ya fito, gumi sharkaf, guduma a hannu, fuskarsa na haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

“Uwata, mai bugawar nan ya cuce ki,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. “Haruffanki duk faɗuwa za su yi. Ba a fara sana'a da abin da ke faɗuwa. Sau uku ina cirewa kafin su tsaya.”

Ana cikin haka dattijon Mafoni ya sauko daga keke, ya zo taya ni murna. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Na san kalma ɗaya daga bakinsa a gaban jama'ar nan, Baba ya koma tabarma ke nan har abada. Na ƙura masa ido ina girgiza kai. Ya dube ni, ya dubi gudumar, sai ya cire hularsa ya ce, “Baba, ka gyara mini aiki. Gwani sai gwani.”

Wurin ya kaure da tafi da guɗa, kowa ya samu damar sakin dariyar da ya danne. Baba ma ya yi ta dariya yana ɗaga guduma, ya ce a kawo masa cincin.

Washegari na yi niyyar kiran wani ya daidaita allon a ɓoye. Na kasa. Kafin wata ya ƙare, masu keke sun daina tambayar kwatance, da ka ce shago mai karkataccen allo sun san wurin. Baba kuma kullum sai ya zo ya zauna a ƙarƙashinsa yana karɓar gyaran kujerun maƙwabta, har Allah ya karɓi abinsa.

Allon ya koɗe yanzu, 'ya'yana na ta yi mini tsiya wai in sake sabo. Na ce a bar shi. Ranar nan ta koya mini cewa allo in ya karkace ƙusa huɗu ke gyara shi, amma in ka karya zuciyar tsoho a gaban mutane, babu kafintan da zai ɗora ta.