Ƙasashe Uku, Ba Fasfo

Kowa a unguwarmu ta Sa'alaba Baturkiya yake ce wa tsohuwar da nake jinya a unguwar Safa. Ba Baturkiya ba ce. Ni ma na taɓa faɗa a gabanta, ta tofar da maganin da na ba ta.

Lokacin ina cikin nawa tashin hankalin. A Jidda aka haife ni, ba ni da fasfo, kuma ba a yi wa mutum iƙama, takardar izinin zama, sai da shi. Kakana da ƙafa ya baro garinsu sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato, tun kafin a ja iyaka ta ratsa gonakinsu. Umma ta ce mu 'yan Nijeriya ne, kawu ya ce Nijar, gwaggo ta ce ai a Sudan aka haifi Baba. Su suna musu, ni kuwa da na hango motar 'yan sanda a Bab Makka sai in faɗa shagon yadi kamar mai saye.

Wata rana ina taje wa tsohuwar kai na ce, "Sitti, to ke 'yar ina ce?"

Ta ce, "Kakana taba yake nomawa a kan duwatsu. Ya kwanta a ƙasar Sarkin Istanbul, ya farka aka ce yanzu sunanta Bulgeriya. Maƙwabcin da yake aron garmarsa ya ce tunda yana salla Baturke ne, ya tafi ƙasarsu. Ya isa Istanbul ko gaisuwarsu bai iya ba, suka ce ga ɗan Bulgeriya. Ya zo Hajji, halas, ya zauna a nan."

"Bai yi kewar gida ba?"

"Akuyarsa ya yi kewa."

A sakandare mun karanta rushewar daular Turkawa, amma ba a kawo zancen akuya ba. Na kwashe nawa labarin na faɗa mata, ina jiran ta ce in bi jini ko harshe.

"Ya binti, ƙasashe uku gare ki kike ƙorafi? Shi ko ɗaya bai samu ba. Ofishin jakadancin wa ya fi gajeren layi?"

"Sitti, maganar asali fa ake yi."

"Asalin ya hana a kama ki? Yalla, kina ja min gashi."

Na koma gida na tarar su Umma ba su gama musun ba. Ko abaya ban cire ba na ce wa kawu ranar Asabar da safe zai zaga da ni ofisoshin jakadancin nan uku, in ga layin kowanne da idona, in tsaya a wanda zan shiga kafin azahar.