Wasiƙar da Ta Shekara Biyu a Jakata

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: shekara biyu ke nan ina yawo da wata wasiƙar godiya a jakata. Baba Malam na rubuta wa, tsohon marubucin nan maƙwabcinmu a Bodinga. Littafinsa na soyayya shi ne na farko da na karanta har ƙarshe.

Jiya Inna ta aike ni in kai masa fura. Ba ya gani yanzu, amma ya gane sallamata.

"Amaryata ce? Zamna."

Ya shiga ba ni labarin zamanin Turawa, yana saurayi, yana rubuta wa manoman albasa wasiƙu da ajami a kasuwar Shagari. Wai a bakinsu ya koyi tsara labari.

Na ce, "Baba, kai fa, wasiƙu nawa aka rubuto maka?"

Ya yi dariya. "Ni? Ga littattafan labari, ga na tarihi, amma ko guda, ɗiyata. Wa ka rubuta ma mai rubutu?"

Da ƙwalla na dawo gida.

Gobe zan kai masa, kuma da bakina zan karanta masa. Ku taya ni addu'a kada muryata ta maƙale.