Awaki Uku da Kawu Ya Bar Mini

Shekarar da na so shiga aikin gardin gidan kaso, wata biyu na yi ina haɗa dosiye, wato takardun neman aikin. Takardar haihuwa, sartifikata ta gama lakwal, makarantar boko, hotuna huɗu. Kullum sai na buɗe ambulan na duba ko suna nan. Saura kwana uku a rufe karɓa, ban kai ba. Abu ɗaya ya hana ni sakat: zan iya kulle mutum in juya in tafi?

Na hau amalanke daga Madarumfa zuwa Safo wurin kawuna, tsohon gardi da ya aje aiki. Damina ce. A garin, duk dabbar da aka kama a gonar wani, garken mai gari ake kulle ta sai mai ita ya zo an sasanta. Kawu ke riƙe da makullin. Na gaya masa abin da ke damuna.

"So kake ka sani? Ga 'yan kaso nan," in ji shi. "Awaki uku, waken mutane suka ci. Zan je suna a garin Sarkin Yamma. Uku na ba ka, uku zan tarar."

Ya miƙo mini makullin ya tafi. Na ja kwaɗon, a kulle yake. Na yi taku biyar na dawo na sake ja. Na leƙa ta danga na ƙirga, uku. Da baƙar akuyar ta ɓuya bayan jar, sai da na sake ƙirgawa.

Wajen hantsi wani ɗan akuya ya zo ƙofa yana kuka, jar tana amsa masa daga ciki. In na fito da uwar, na ci amanar Kawu. In na bar shi da yunwa, alhakinsa na wuyana. Da kukan a kunnena na yi azahar, har na kasa tuna raka'a nawa na yi, na sake ta daga farko. Ina sallamewa na buɗe ƙofa kaɗan na tura shi ciki. Ya kama nono, garke ya yi tsit. Sai kuma wata damuwar ta taso: na kulle wanda bai ci waken kowa ba.

Bayan la'asar Kawu ya dawo, ya leƙa, ya ƙirga da sandarsa.

"Kai, ɗan nan, wannan fa?"

"Ziyara ya zo, Kawu."

"Ziyara! Ka kulle baƙo?" Dariya ta sa shi zama a kan turmi. "Na ga gardin da ɗan kaso ya tsere masa. Wanda nasa suka ƙaru, yau na fara gani. In aka ba ka makulli, kafin sati rabin Madarumfa na ciki suna shan fura."

Ban kai dosiyen ba. Na koma garkar babana a bakin tafki, inda albasa ba ta kuka. Ambulan tana nan cikin akwati. Jiya ma na duba, hotunan huɗu ne.