Barcin Goggo Tabawa a Shagon Katifa

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Goggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta ƙare rayuwarta a Miga tana kiwon awaki da sayar da daddawa. Har yau in na bi ta babban titin Dutse, sai in ji kamar zan hango ta tsaye a bakin wani shago tana shafa kayan mutane.

Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha, shaguna suka fara tsirowa a gefen titin nan, Goggo ta mai da gidana na Limawa masaukinta. Cewa take ta zo ganin jikoki, amma da ta sha fura sai ta ɗauki mayafi mu fita. Ba ta wuce shago. Atamfa sai ta murza, kwano sai ta ƙwanƙwasa ta kara a kunne, dabino sai ta ɗanɗana. Fanka kuwa sai an kunna mata ta sha iska, sannan ta yi godiya mu yi gaba. Takan ce kallo ma rabon ido ne.

Zuwan da ba na mantawa shi ne na auren autarta, Hansai, a shekarun da aka fara shari'a. Jibi za a yi jere, komai ya kammala sai katifa, kuma dole mu sami motar yamma. Muka shiga shagon wani bawan Allah, Malam Sabo, mutum mai kunya. Ya nuna mana wata mai kauri, yana ta yabonta. Goggo ta danna da hannu, ta ce hannu ba ya kwana. Kafin in ankara ta tuɓe takalmi, ta ja mayafi har ka, ta miƙe a kai.

Ta taso tun asuba, ta sha rana a titi. Ban gama duba matasan kai ba na ji munshari.

Malam Sabo ya rikice. Lokaci ne da kowa ke taka-tsantsan, ga mace kwance a shagonsa da rana tsaka. Ya fice da sauri ya tsaya a tsakiyar rana inda kowa zai gan shi, yana ce mini, “Hajiya, don girman Allah ki tashe ta, ina da iyali!” Na girgiza ta, na kira sunan akuyarta, na ce mota za ta tafi. Ta juya ɗaya gefen.

Jama'a suka taru. Masu shagunan kusa suna leƙe, 'yan acaɓa suka kashe babura. Wani ma'aikaci ya daɗe yana kallonta, ya ce shi rabonsa da barci irin wannan tun yana ƙauye, a ɗaure masa irinta. Wani ma ya bi sahu. Malam Sabo yana ciniki daga waje, yana gumi, bai san ko kuka zai yi ko hamdala ba.

Kiran la'asar ne ya tashe ta. Ta zauna tana salati, ta tambaya ko an yi azahar. Da ta ji amsa, sai ta dubi katifar kamar ta kama ɓarawo.

“Ɗan nan,” ta ce wa Malam Sabo, “abin da ya raba ni da azahar ba zan kai wa 'yata ba. Wannan ai sai ta riƙa sallar asuba da hantsi. Kawo mai tauri.”

Mai taurin muka saya. Ta rama sallarta a bayan shago, muka iske mota ta fara tafiya, yaran tasha suka ɗaure katifa a sama tana rawa.

Yau 'ya'yana daga ɗaki suke sayayya. Su ga hoto a waya, a kawo musu har ƙofa, wani lokaci a buɗe a ga abin da ba shi aka nuna ba. Da Goggo na nan, da ta ce sayen kifi a ruwa ya zama ado. Na san kuma da ta nemi a miƙo mata wayar ta ƙwanƙwasa. Titin ya faɗaɗa, shaguna sun sha gilashi, amma ban ga wanda zan shiga in zauna a yi hira ba tare da an tambaye ni me zan saya ba.

Ba ta bar mana gida ko gona ba. Ta bar mana rashin jin kunyar tambaya, da sanin cewa mai talla ma mutum ne, ana iya sabo da shi. Bayan ranar nan, ba ta taɓa shiga Dutse ba tare da ta riƙo wa matar Malam Sabo ƙullin daddawa ba.

Da ta rasu, ya rufe shago ya zo har Miga ta'aziyya, gemunsa ya yi fari. Muna daga ciki muka ji muryarsa a zaure tana rawa: “Allah ya jiƙan Goggo, Allah ya sa kwanciya hutu ce.” Hansai ce ta fara, tana rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. Kafin a shafa fatiha, duk ɗakin mata dariya ake.