Kiritikal, Daga Tsafe Zuwa Bungudu

Mun tashi da asuba daga Tsafe, ni da ƙanena, ko karyawa ba mu yi ba. Dalili kuwa, da magaribar ranar da ta gabata wani direba ɗan garinmu ya tsaya ƙofar gidana, ya ce an ɗauko Inna, mahaifiyarmu, daga Bungudu an kai ta asibiti a Gusau, kuma malamin asibiti ya ce a gaya mini wai "kiritikal". Na ce mene ne kuma kiritikal? Ya ce shi dai haka aka ɗora masa, haka ya sauke.

Ni fa akawu ne, da Turanci nake cin tuwo. Na san "ajan", don kowace takarda da jan hatimin ajan take shigowa ofishinmu, ta kuma yi wata da watanni a kan tebur gara na lasarta. Na san "impotan", na san "imajansi". Amma wannan ban taɓa gamuwa da ita ba. Abu ɗaya nake so in sani: zan tarar da Inna da rai, ko ba zan tarar ba.

A tasha muka sami ƙaramar bas kiya-kiya, ɗan kamasho na ta ihun saura mutum ɗaya. Wannan mutum ɗayan, Allah ya isa, sai da hantsi ya dubi ludayi kafin ya iso. Kuɗin mota kuwa tun da aka canza zuwa naira kowa ke yanka son ransa. Ana gaya maka da kwabo, tsofaffi na mayarwa sule, a yi ta musu.

Da muka kama hanya, bakina ya ƙi shiru, na jefa tambayar a mota. Kai, na ja wa kaina! Wani Alhaji mai atamfa da ke yawan zuwa Ikko ya ce in dai ba a ce "siriyas" ba, to ba komai, ita ce uwar kalmomin. Wani tsohon soja ya ce ƙarya ne, imajansi ta fi, ita ce ake tada mutum ko takalmi bai sa ba. Sai wani malamin makaranta ya gyara zama, ya ce su duka shaci-faɗi suke yi, a littafi kiritikal mutum ne mai yawan kushe da faɗa. Ƙanena ya fashe da dariya, ya ce, "To ai Inna ce wannan! Ta addabi ma'aikatansu da faɗa, shi ya sa suke neman ka." Ni ma na yi dariya, wallahi na so in yarda.

Dab da Kwatarkwashi mota ta yi tari ta mutu. Muka sauka muka zauna a gindin wata tsamiya, duwatsun nan sun tsaya mana a ka, gero ya yi kai dama da hagu, direba na ƙarƙashin mota yana zagin makanikin da ba ya nan. Wata Bafillatana ta dama mana fura da nono mai kyau da arha, na sha ban ji ɗanɗanonta ba. Duk motar da ta wuce sai in miƙe, kowace a cike. Na gaji da zama, na gaji da tsayuwa, na gaji da masu cewa in yi haƙuri.

Bayan azahar muka shiga Gusau. A asibiti aka yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙarshe wata ma'aikaciya ta ce an sallame ta tun da safe, 'yan'uwa sun tafi da ita gida. Malamin da ya aiko saƙon kuma ya tashi aiki. Ƙanena ya ce alhamdu lillahi, ai ba a sallamar mara lafiya. Har ya sayi hoce da ƙuli a tasha ya ci ya ƙoshi. Ni dai jikina ya ƙi ba ni. Muka hau bayan wata a-kori-kura tare da buhunan gishiri da akuya mai ƙorafi, muka nufi Bungudu.

A ƙofar gida na ga dattawa zaune a tabarma kamar masu zaman makoki. Na ce wa Kawu, yayan Inna, yaya jikin? Ya ce, "Da sauƙi, shiga ka gan ta." Gwaggo a tsakar gida ta ce da sauƙi. Kowa da sauƙi. Mu haka muke, ko mutum na shure-shure da sauƙi ne.

Na same ta a kwance, ta rame ta koma kamar yarinya. Ashe ba sallamar warkewa ba ce, cewa aka yi a kai ta gida a ci gaba da addu'a. Na durƙusa na gaishe ta. Ni ne ɗan farinta, tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai "wancan", sai "yaron nan", ko a gaban mutane ba ta kallona sosai. Ranar ta kama hannuna, ta dube ni ido cikin ido, ta kira ni da sunana na yanka. Ta ce in je in kawo mata jikokinta. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Washegari na bar ƙanena a wurinta na juyo Tsafe. Hanya ba ta ba ni wahala ba, ko ta ba ni ban lura ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na ɓata yini ina neman ma'anar kalmar Bature a bakin fasinjoji, alhali mu ma muna da hanyar faɗin abin, sai dai ba da baki muke furta shi kai tsaye ba.

Na iske matata tana tuƙa tuwo. Ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Yaya jikin Inna?"

Na ce, "Da sauƙi. Ta kira sunana."

Ta ajiye muciya, ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayan yara.