Kuɗɗin Albasa da Idon Inna

Shekarun baya, albasa ta taɓa yi mini rana. Shekarar nan na daure ban sayar da ita a bakin gona ba, na zuba a rudu, rumbun ajiyar albasa, har ta yi tsada, sannan na kai kasuwar Goronyo. Dillali ya turo mini kuɗɗina ta waya, na tsaya ina kallon lambobin baki buɗe kamar gaula. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe irinsu ba.

Kuɗɗin nan kuwa da mai su tun kafin su zo. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ido, gani yana ta raguwa ta gefe-gefe. Wani ma'aikacin lafiya a Wurno ya duba ta, ya ce a kai ta babban asibiti a Sakkwato, kuma kada a yi sanya. Na bugi ƙirji na ce da zarar albasa ta fita za mu tafi.

Ranar da na sayar, abokina da muke maƙwabtaka a fadama ya ja ni gefe. Ya ce tunda muna cikin kasuwa, in cire rabon Inna in sayi tumaki biyu in ɗaure bayan ɗaki, don ba a yanka tunkiya a biya kuɗin shayi. Na yi masa dariya, na ce shi mutumin da ne, ni nawa suna banki, ko ɓera bai isa ya taɓa su ba. Ashe ni ne ɓeran.

Wallahi ban sayi mota ba, ban gina ɗaki ba. Da ma wani babban abu na saya, da yau na nuna shi. Shadda biyu, sabuwar waya, sai tsire da shayi a majalisa, ni ke biya. Aka laƙaba mini Alhajin Albasa, ni da ko filin jirgi ban sani ba, kai kuwa ya kumbura. Duk bikin da aka yi daga Dinawa har Rabah sai an gan ni, maroƙa na wasa ni ina miƙa hannu aljihu. Kullum in je wurin masu cire kuɗi na bakin tasha, in ce ai ɗan kaɗan ne. Tafiya Sakkwato kuma kullum sai mako mai zuwa.

Abin da ya ƙara rufe mini ido, ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, balle ta buɗe baki ta roƙe ni wani abu. Sau ɗaya tak ta aiko matata ta tambaye ni ko an sayar da albasa. Na san abin da take nufi sarai, amma na aika mata da turmin atamfa da goro. Matata ta ce Inna ta shafa atamfar, ta sa albarka, sannan ta tambaya wace kala ce. Ko wannan bai tashe ni ba. Na ɗauki shirunta a matsayin sauƙi ya samu, don haka ya fi mini daɗi.

Da lokacin taki ya zo na duba waya, abin da ya rage ko buhu biyu ba zai saya ba. Shekarar da ta biyo baya ruwa ya cinye fadama. Sai ranar da Inna ta taka garwashi a bakin murhu da rana tsaka na sayar da injin ban-ruwana, muka hau mota ni da ita da matata.

Likita ya daɗe yana haska idon. Ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambaye ni yaushe aka fara ce mana mu zo. Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu.

A mota na kasa riƙe kaina. Inna ta lalubo hannun matata ta ce, "Ce ma wancan shi bar kuka cikin mutane. Abin da Allah ya rubuta ne, mi za shi yi?"

Na yarda da ƙaddara, amma na san hannuna na ciki dumu-dumu. Yanzu duk ranar da na sayar da amfanin gona, ba na barin kasuwa sai na raba shi: na ci, na taki da iri, na lalura kuma in mai da shi dabba. Majalisa ta daina kirana Alhaji, ban kuwa rame ba. Sai dai hankalin ya zo bayan an gama biyan kuɗinsa.

Bara aka haifa mini ɗiya. Aka ɗora wa Inna ita a cinya, ta bi goshin da hancin da yatsa a hankali, ta daɗe tana shafawa. Ina tsaye bakin ƙofa na ji ta tambayi matata ƙasa-ƙasa, "Ke, hwaɗa min gaskiya, da wa tay yi kama?"